Yadda Ake Haɗa Asusun Ma'aikata na Active Directory da Sabar Nextcloud ta Ofis

Ranar da na gano cewa wani ma'aikaci da ya ajiye aiki tun wata huɗu har yanzu yana iya buɗe foldar kuɗi ta ofis daga wayarsa, ranar na daina buɗe wa mutane asusu da hannu a Nextcloud, manhajar da muke ajiye fayilolin ofis da raba su a kan sabarmu. Asusunsa na kwamfutar ofis mun rufe shi tun ranar da ya yi sallama. Na sabar fayil kuwa daban yake, da kalmar sirrinsa daban, kuma babu wanda ya tuna da shi. Bawan Allahn bai taɓa komai ba, shi da kansa ma ya bugo waya ya ce mana har yanzu takardu suna sauka a wayarsa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don laifin ba na kowa ba ne illa na tsarin da na kafa da hannuna: rajista biyu, mai kula ɗaya.

Maganin shi ne rajistar ta zama ɗaya. Galibin ofisoshin da ke da kwamfutoci masu yawa suna da kundin ma'aikata, ko Active Directory da Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000, ko Samba wanda tun fitowarsa ta 4.0 a 2012 yake iya wannan aikin, ko OpenLDAP. Dukansu suna jin yare ɗaya, LDAP, wanda ya samo asali a Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990. Nextcloud, da Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016 bayan ya bar ownCloud, tana jin wannan yaren ita ma. Misalan da zan kawo na Active Directory ne da Nextcloud a kan Debian ko Ubuntu, amma inda OpenLDAP ya bambanta zan faɗa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

Kafin ka taɓa komai, ka cire wani tunani daga ranka: Nextcloud ba ta kwaso kalmomin sirri daga kundin ta ajiye. Idan Sani ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, sai ta shiga kundin da wani ƙaramin asusu nata, ta tambaya ko akwai mai wannan suna cikin waɗanda aka yarda su shigo. In an ba ta cikakken adireshinsa, wanda ake kira DN, sai ta sake ƙwanƙwasa ƙofar kundin, wannan karon da adireshin Sani da kalmar da ya rubuta. Kundin ne ke cewa e ko a'a.

Abin da take ajiyewa a rumbun bayananta shi ne wani jadawali mai suna `oc_ldap_user_mapping`, inda kowane mutum yake da layi ɗaya da ya ɗaure abu uku: adireshinsa a kundi, lambarsa ta dindindin da ba ta canzawa, da sunan cikin gida da Nextcloud ta raɗa masa. Fayilolinsa, abin da ya raba wa wasu, kalandarsa, duk a wannan sunan cikin gida suke rataye. Kusan duk matsalar da za ta ɗauke ka kwanaki kana gyara, daga wannan jadawalin take tasowa, kuma tun ranar farko ake shuka ta. Shi ya sa tsarin da zan bi ya ɗan saɓa da yadda shafin saitin yake jan mutum.

Mataki na 1: share fage

Ka ɗauki kwafin ajiya na rumbun bayanai da na `config.php`. Ka tabbata kana da asusun shugaba na cikin Nextcloud kanta, wanda bai dogara da kundin ba, kuma sunansa bai yi daidai da sunan kowa a kundin ba. Ranar da sabar kundin ta faɗi, da shi kaɗai za ka shiga.

Sai ka girka kayan aiki biyu, ka sake tayar da sabar yanar gizo ko PHP-FPM, gwargwadon wanda kake amfani da shi:

```
sudo apt install php-ldap ldap-utils
sudo systemctl restart apache2
```

Ayyukan bayan fage kuma dole su koma hannun cron, mai tayar da ayyuka a saba bisa jadawalin lokaci. In har yanzu a kan AJAX suke, wato sai wani ya buɗe shafin Nextcloud suke tashi, sabunta bayanai da gano waɗanda suka tafi ba zai tafi yadda ya kamata ba. Wannan layin ya shiga jadawalin cron na `www-data`:

```
*/5 * * * * php -f /var/www/nextcloud/cron.php
```

Daga nan duk inda na rubuta `occ`, wato kayan ba Nextcloud umarni, ina nufin `sudo -u www-data php occ` daga cikin foldar Nextcloud.

Mataki na 2: asusun leƙe da rukunin shiga

A Active Directory ka buɗe asusu sabo, misali `nc-leke`. Asusun talaka ne, ba ya cikin kowane rukuni na masu iko, don karatu kawai zai yi, kuma a tsarin asali kowane asusun yanki (domain) yana iya karanta sunaye da rukunoni. Na sha ganin inda aka saka asusun babban shugaban yanki a wannan gurbi don a huta da bincike. Kada ka yi. Kalmar sirrin wannan asusun tana zaune a rumbun bayanan Nextcloud a yanayin da za a iya warware ta, saboda haka duk wanda ya samu rumbun ya samu mabuɗin gidan gaba ɗaya. Ka ba shi doguwar kalmar sirri, ka sa kada ta ƙare da kanta, ka rubuta a littafinka lokacin da za ka canza ta da hannu. In ta ƙare ba ka sani ba, ofis gaba ɗaya za su wayi gari ba mai iya shiga.

Sannan ka buɗe rukuni, misali `Masu-Nextcloud`. Shi ne ƙofa: wanda ke ciki ya shiga, wanda ba ya ciki bai ma wanzu ba a idon Nextcloud. Yanzu ka saka mutum ɗaya tak na gwaji. Kada ka jingina da Domain Users, domin shi ne rukunin farko na kowa, kuma Active Directory ba ya lissafa rukunin farko a cikin `memberOf`, sai ka yi ta tacewa ba ka samun kowa.

Mataki na 3: rufe hanya, sannan ka gwada da hannu

LDAP yana sauraro a ƙofa ta 389, LDAPS kuma, wato LDAP mai ɓoye bayanai, a 636. A ta farko, in ba a ɗora TLS mai ɓoye abin da ke wucewa ba, kalmar sirrin kowane ma'aikaci tsirara take ratsa wayar ofis. Samba ma a tsarinsa na asali ba ya yarda da irin wannan shiga, sai ya mayar maka da kuskure mai lamba 8 yana neman tantancewa mai ƙarfi. Ka tafi 636 kai tsaye.

Yawanci satifiket ɗin sabar kundin daga hukumar satifiket ta cikin gida yake fitowa, wadda sabar Nextcloud ba ta san ta ba. Ka fitar da satifiket ɗin tushe, ka ajiye shi da ƙarshen suna `.crt`:

```
sudo cp tushen-ofis.crt /usr/local/share/ca-certificates/
sudo update-ca-certificates
```

Ka duba `/etc/ldap/ldap.conf` ka ga `TLS_CACERT` yana nuni ga `/etc/ssl/certs/ca-certificates.crt`, ka sake tayar da PHP. Akwai akwati a saitin Nextcloud na kashe binciken satifiket. Yana sa kuskuren ya ɓace nan take, amma ya bar ka kana miƙa kalmomin sirri ga duk na'urar da ta ce ita ce sabar kundi.

Yanzu gwaji, tun kafin Nextcloud ta shigo maganar:

```
ldapsearch -x -H ldaps://dc1.ofis.example:636 \
  -D "nc-leke@ofis.example" -W \
  -b "dc=ofis,dc=example" "(sAMAccountName=sani)"
```

Ka yi amfani da sunan sabar yadda yake a satifiket, ba lambar IP ba. In ya fito da bayanan Sani, ka karanta su a tsanake, don daga nan za ka kwafi ainihin adireshin rukuni a layin `memberOf`, ka kuma ga ko `mail` da `displayName` suna cike. In ya ƙi, kuskure mai lamba 49 yana zuwa da wata ƙaramar lamba da ke faɗin gaskiyar lamari: 52e kalmar sirri ba daidai ba, 532 ta ƙare, 533 an dakatar da asusun, 773 sai mai shi ya canza kalma tukuna, 775 an kulle shi. Wanda ya riƙe waɗannan biyar ya rage wa kansa zirga-zirga. A sabar da ke da tsarin tsaro na SELinux, kamar dangin Red Hat, sai ka ƙara `setsebool -P httpd_can_connect_ldap on`, in ba haka ba `ldapsearch` zai yi aiki amma Nextcloud ta kasa.

Mataki na 4: buɗe saiti, amma a kashe

Shafin saitin da ke cikin burawuza yana da sauƙi, sai dai yana kunna haɗin da zarar ya ga bayanai sun cika, mutane su fara shiga jadawali kafin ka gama shawara. Na fi son in gina komai da umarni, in kunna a ƙarshe.

```
occ app:enable user_ldap
occ ldap:create-empty-config
occ ldap:set-config s01 ldapHost "ldaps://dc1.ofis.example"
occ ldap:set-config s01 ldapPort 636
occ ldap:set-config s01 ldapAgentName "cn=nc-leke,ou=Hidima,dc=ofis,dc=example"
occ ldap:set-config s01 ldapAgentPassword "kalmar-sirri"
occ ldap:set-config s01 ldapBase "dc=ofis,dc=example"
occ ldap:set-config s01 ldapBaseUsers "ou=Maaikata,dc=ofis,dc=example"
occ ldap:set-config s01 ldapBaseGroups "ou=Rukunoni,dc=ofis,dc=example"
```

`s01` shi ne laƙabin da umarni na biyu yake ba saitin farko. Layin kalmar sirri zai zauna a tarihin umarnanka, ka goge shi da ka gama.

Mataki na 5: sunan cikin gida, shawarar da ba a janyewa

A nan nake so ka zauna ka yi tunani, ko da zai ɗauke ka yini.

In ba ka ce komai ba, Nextcloud za ta ɗauki lambar dindindin ta mutum ta mayar da ita sunansa na cikin gida: `objectGUID` a Active Directory, `entryUUID` a OpenLDAP. Lambar doguwa ce, haruffa da alƙaluma 32. Amfaninta, ba ta taɓa karo da ta wani. Wahalarta, foldar Sani a faifai za ta ɗauki wannan lambar, adireshinsa na WebDAV, wanda manhajoji ke bi su kai ga fayilolinsa, ma haka, kuma duk umarnin da za ka ba `occ` game da shi sai ka nemo ta tukuna. Da dare, lokacin da shugaba ke tsaye a kanka yana neman a dawo da fayil ɗin wani daga ajiya, kana kallon foldoji ɗari biyu masu lambobi, a nan za ka ji nauyin abin.

Ɗaya hanyar ita ce ka ce a ɗauki sunan shiga:

```
occ ldap:set-config s01 ldapExpertUsernameAttr "sAMAccountName"
```

Yanzu foldar Sani sunanta `sani`. Amma ka san abu uku. Na farko, sunan cikin gida sau ɗaya ake raɗa shi. In gobe an gyara sunan shigar wata ma'aikaciya a kundi, za ta shiga da sabon suna ta tarar da kayanta lafiya, don lambar dindindin ce ke riƙe da ita, amma foldarta za ta ci gaba da amsa tsohon suna. Na biyu, in sunan ya riga ya zama na wani, ko asusun cikin gida ko wani da ya tafi ba a share shi ba, Nextcloud za ta liƙa masa lamba a ƙarshe, ka ga `sani_4821`. Na uku, canza wannan saitin daga baya sababbin shiga kawai yake shafa, sai ka ƙare da ofis rabi lambobi rabi sunaye.

Ni dai a ofishin da bai wuce mutum ɗaruruwa ba, sunan shiga nake zaɓa, da sharaɗi ɗaya da nake sa shugabanni su amince da shi a rubuce: ba a maimaita sunan shiga. In Sani ya tafi, Sanin da zai zo ba zai gaji `sani` ba. A makaranta ko jami'a, inda dubbai ke shiga suna fita kowace shekara, in akwai lambar ɗalibi ko ta ma'aikaci a kundi ita ta fi, in babu a bar lambar dindindin.

Wani abu da ya shafe mu musamman: sunan cikin gida baƙaƙen Ingilishi da alƙaluma kawai yake ɗauka, sai ɗigo, karan tsakiya, karan ƙasa da alamar @. Duk abin da ya fita daga nan, ko a musanya shi ko a yar. To ga Sa'adatu, ga A'isha, ga Ɗanladi, ga Ɓaidu. Ka rubuta sunan shiga ba lanƙwasa ba waƙafi, `saadatu`, `danladi`, sannan a gurbin `displayName` ka rubuta sunan mutum daidai yadda iyayensa suka raɗa masa, da ƙugiyarsa da komai. Wannan gurbin yana ɗaukar haruffanmu, kuma shi abokan aiki suke gani.

Tunda muna kan suna: ofishin da ke da Muhammad Sani uku, mai raba fayil zai ga layi uku iri ɗaya ya zaɓi wanda ya samu, takardar albashi ta tafi inda bai kamata ba. Gurbin suna na biyu yana warware wannan, yana nuna adireshin imel kusa da sunan:

```
occ ldap:set-config s01 ldapUserDisplayName "displayName"
occ ldap:set-config s01 ldapUserDisplayName2 "mail"
occ ldap:set-config s01 ldapEmailAttribute "mail"
```

Mataki na 6: rariya uku

Rariyar farko tana faɗin su wa Nextcloud za ta ɗauka a matsayin mutanenta:

```
(&(objectCategory=person)(objectClass=user)(memberOf=cn=Masu-Nextcloud,ou=Rukunoni,dc=ofis,dc=example)(!(userAccountControl:1.2.840.113556.1.4.803:=2)))
```

Kashi na farko yana da dalili: a Active Directory kwamfutoci ma `user` ne, in ka cire `objectCategory` za ka ga injinan ofis sun jeru cikin ma'aikata. Kashi na ƙarshe, mai doguwar lamba, yana cewa ban da wanda aka dakatar da asusunsa. In rukunin shigarka yana ɗauke da wasu rukunoni a cikinsa, sai ka mayar da `memberOf=` ya zama `memberOf:1.2.840.113556.1.4.1941:=`, wanda ke bin sarƙar har ƙasa. Yana da nauyi a babban kundi, saboda haka in za ka iya saka mutane kai tsaye ya fi. A OpenLDAP kuwa `memberOf` ba ya samuwa sai an kunna masa ƙarin da ke samar da shi, kuma ajin mutane yawanci `inetOrgPerson` ne, sunan shiga `uid`.

Rariya ta biyu ta shiga ce. Ita ce ta farkon, da ƙarin abin da za a gwada da rubutun mutum, inda `%uid` ke tsayawa a madadin abin da ya rubuta:

```
(&(objectCategory=person)(objectClass=user)(memberOf=cn=Masu-Nextcloud,ou=Rukunoni,dc=ofis,dc=example)(!(userAccountControl:1.2.840.113556.1.4.803:=2))(|(sAMAccountName=%uid)(mail=%uid)))
```

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaurara ta farko a bar ta biyu a sake. Ka maimaita sharuɗɗan duka a nan. In kuma mutum biyu suna raba adireshin imel ɗaya, kamar na sashe, ka cire `mail` daga ciki.

Ta uku ta rukunoni ce. Kada ka kwaso duka, kundin yana cike da rukunonin da ba ruwan kowa da su. Ni nakan fara sunan duk rukunin da ake son gani a Nextcloud da `NC-`:

```
(&(objectClass=group)(cn=NC-*))
```

Ana saka su a `ldapUserFilter`, `ldapLoginFilter` da `ldapGroupFilter`, cikin alamar zance guda-guda (`'...'`) don kada alamar motsin rai ta rikita layin umarni. Ka sa `ldapUserFilterMode`, `ldapLoginFilterMode` da `ldapGroupFilterMode` su zama 1, don shafin saiti ya san da hannu aka rubuta su, kada ya sake su. Sai `ldapGroupMemberAssocAttr` ya zama `member` a Active Directory. A OpenLDAP ya danganta da irin rukuninka, `member`, `uniqueMember` ko `memberUid`. In rukunoni sun bayyana amma babu kowa a ciki, nan za ka fara dubawa.

Mataki na 7: saba ta biyu da girman wuri

In kana da sabar kundi ta biyu, ka faɗa wa Nextcloud ta `ldapBackupHost` da `ldapBackupPort`. A wurinmu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, batirin wata saba ya riga na wata mutuwa, wannan ba ado ba ne. Girman wurin kowa kuma ana iya karanto shi daga wani gurbi a kundi ta `ldapQuotaAttribute`, da `ldapQuotaDefault` ga wanda gurbinsa ba komai, a rubuce kamar `10 GB`.

Mataki na 8: kunnawa

```
occ ldap:test-config s01
occ ldap:show-config s01
occ ldap:set-config s01 ldapConfigurationActive 1
occ ldap:search sani
occ ldap:search --group NC
```

Ka karanta abin da umarni na biyu ya nuna layi-layi kafin ka buga na uku. Bayan kunnawa, mutumin gwaji ya shiga ta burawuza, ka leƙa foldar bayanai ka ga da wane suna aka buɗe masa. In ba sunan da kake so ba ne, yanzu ne lokacin gyara, tunda mutum ɗaya ne. Gwajin da mutane ke mantawa shi ne na wanda bai kamata ya shiga ba: ka ɗauki asusun da ba ya cikin rukuni ka gwada, dole a ƙi shi. In ka yi ta gwaji har Nextcloud ta fara jinkirta maka shiga, `occ security:bruteforce:reset` da lambar IP ɗinka yana sake ka. Duk wani abin da ya ƙi fahimtuwa, yana rubuce a `nextcloud.log`.

A shafin Expert akwai maɓalli na share jadawalin sunaye gaba ɗaya. Na lokacin gwaji ne kawai. In ka danna shi bayan mutane sun fara aiki, igiyar da ta ɗaure kowa da kayansa ta tsinke.

In da ma mutane suna da asusun cikin gida

Wannan shi ne halin da na samu kaina, kuma babu maɓalli ɗaya da ke mayar da tsohon asusu ya zama na kundi. In tsohon asusun sunansa `sani` kuma ka saka Sani a rukuni, zai zama `sani` mai lamba a wutsiya har abada. Ga yadda nake yi, mutum ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa rukunin shiga yake da daɗi: in kwashe fayilolinsa zuwa wani asusun riƙo, in share tsohon asusun, in saka shi a rukuni, ya shiga sau ɗaya, in mayar masa da kayansa.

```
occ files:transfer-ownership sani riko
occ user:delete sani
occ files:transfer-ownership riko sani
```

Tsakanin umarni na biyu da na uku ne zai shiga. Kayan za su iso cikin wata folda mai ɗauke da kwanan wata, shi zai jera su. Umarnin fayiloli kawai yake ɗauka, don haka kalanda da lambobin waya ya fitar da su tun kafin a share, kuma abin da wasu suka raba masa sai an sake raba masa. Ka sanar da mutum kwana ɗaya kafin ranarsa, ka ce ya rufe manhajar da ke kwamfutarsa har a gama.

Me ya sa canji ba ya bayyana nan take

Za a kira ka a ce an saka Hadiza a rukunin kuɗi amma ba ta ga foldar ba. Nextcloud tana riƙe amsoshin kundin na daƙiƙa 600, minti goma ke nan, don kada ta dami sabar da tambaya. Yawanci haƙuri ne maganin. Ana iya rage `ldapCacheTTL`, amma kada ka mayar da shi sifili, komai zai yi nauyi. In sunan mutum ko imel ɗinsa aka gyara kuma ana sauri:

```
occ ldap:check-user --update hadiza
```

Matsar da mutum daga wannan sashe zuwa wancan a kundi yana canza adireshinsa, amma Nextcloud tana sake gano shi ta lambar dindindin, muddin sabon wurin yana ƙarƙashin `ldapBaseUsers`. Abin da ba ta yafewa shi ne a share asusu a kundi a sake buɗe wani da suna iri ɗaya. Lambar ta canza, a wurinta baƙo ne, kayan na da suna can a rataye. Ka ja kunnen duk mai taɓa kundin a kan wannan.

Ranar da ma'aikaci ya tafi

Da ka dakatar da asusunsa a kundi ko ka cire shi daga rukuni, sabuwar shiga ta ƙare. Amma Nextcloud ba ta share masa komai. Akwai aikin bayan fage da ke tashi duk minti 51, ya duba mutum 50 a kowane zagaye, ya yi wa waɗanda suka ɓace alama. A ofis mai mutum 500, zagaye goma ke nan, fiye da awa takwas kafin ya gama kewaye kowa. Kuma ba ya aiki in akwai wani saitin LDAP da aka bari a kashe, don kada ya ɗauki mutanen wancan saitin a matsayin ɓatattu, saboda haka ka share saitunan gwaji da ka daina amfani da su. Jerin waɗanda aka yi wa alama:

```
occ ldap:show-remnants
```

Kada ka rubuta wani shiri da zai riƙa share duk wanda ya fito a jerin nan kai tsaye. Wadda ta tafi hutun haihuwa aka dakatar da asusunta tana ciki. Wanda ya tafi aikin Hajji ko ƙaro karatu yana ciki. In wani ya yi kuskure ya taɓa rukunin shiga, ofis gaba ɗaya suna ciki. Duk waɗannan, da an mayar da su kundi za su tarar da kayansu yadda suka bari, in dai ba a share ba.

Tsarin da nake bi, kuma na manna shi a bangon ɗakin saba: tun kafin a taɓa kundin, in buga `occ user:disable` da sunansa don wayarsa da kwamfutarsa su daina karɓar komai, ba sai na jira zagayen bayan fage ba. In miƙa fayilolinsa ga shugaban sashensa da `files:transfer-ownership` alhali Nextcloud tana ganinsa. In zauna da shugaban mu duba mahaɗan da ya raba wa mutanen waje, mu kashe waɗanda aikinsu ya ƙare, domin mahaɗin da aka aika wa ɗan kwangila bara bai san mai shi ya tafi ba. Sannan a dakatar da shi a kundi. Bayan wata uku, in shugaban sashe ya sa hannu cewa babu abin da ake nema, sai `occ user:delete`, wanda ke tafiya da foldarsa, da tsofaffin kwafin fayilolinsa, da kwandon shararsa, da duk abin da ya rage a sunansa. Daga nan babu inda za a same su sai a kwafin ajiya, don haka nakan tabbatar na daren jiya ya kammala kafin in buga shi.